Bedi a Gonar Aro

Sau huɗu na gina lakol guda, wato makarantar boko, sau huɗu kuma na rushe ta da hannuna. In na faɗi haka a Maradi sai a kwashe da dariya, a ɗauka zolaya nake. To wallahi ba zolaya ba ce. Wanda bai taɓa koyarwa a rumfar kara ba, ba zai gane ba, ni kuwa na gaji da yi wa ƴan birni bayani.

Ƙauyen yana can bayan Cadakori, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar ka da rairayi. Kafin zuwana ba su da lakol sai ta wani gari da ke ƙetaren fadama, wadda ba mai tura ɗansa sai in ya yi ƙwari. Mai garin ya yi ta sintiri zuwa Gidan Rumji har takalminsa ya gaji, daga ƙarshe aka ce masa su samo fili su yi rumfa, za a aiko musu mushe, wato malamin lakol. Na farkon da aka aiko shekara guda ya yi ya tattara nasa ya nasa, ko sallama bai yi ba. Ni ne na biyu. Abin da na tarar na gado shi ne baƙin allo mai tsaguwa a kusurwa, da rabin kwalin alli, da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake bugawa da safe yara su taru.

Ga yadda tsarin yake. Filin da aka ba mu gona ce a gabas da gari, kusa da rijiya, kuma aronta aka ba mu daga kaka zuwa shuka. Sai an gama girbi an ɗaure damma, sannan kowane gida ya kawo kara da zana, a yi gayya a kafa dirkoki, a rufa. Lokacin kuwa ƴan birni sun yi nisa da karatu. Da bazara ta kama, awaki su fara cin bangon aji tun daga ƙasa, ina koyar da lissafi ina korar bunsuru. Ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari mu tuge dirkoki mu ba mai gona wurinsa, mu ƙarasa shekara a gindin tsamiyar ƙofar mai gari, inda duk mai wucewa sai ya tsaya ya gyara mini koyarwa. Wata kakar a sake daga farko. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, tun ina yaro ake ce mini ƙafata ba ta zama. Wannan gini da rushewa ya riƙa ci mini rai kullum.

Mai gonar wani dattijo ne dogo, da zanen Gobirawa a kumatu, kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan magana. Kullum yana zaune a ƙofar gidansa yana tukar igiya, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice, amma ba ranar da ba a kawo mini furar safe daga gidansa. Masaukina kuwa gidan wata tsohuwa ce mai daddawa, ina ce mata Inna. Ita bakinta ba ya hutawa, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. In na fara zarya a tsakar gida sai ta ce, "Mushe, zauna hakanan, ka sa kaji sun kasa kiwo."

A shekara ta huɗu ansipekta, mai duba makarantu, ya zo mana a kan babur. Ya leƙa rumfa, ya ƙirga yara, ya sha ruwa. Na tambaye shi yaushe za a sa mu cikin waɗanda za a gina wa aji na siminti. Ya ce ba a gini inda ba mazauni tabbatacce, kuma in yara suka ragu za a haɗe mu da lakol ɗin ƙetaren fadama, a ɗauke ni a kai wani wuri. Da zai hau babur ya waiga ya dubi filin, ya ce, "Dubi nan fa, ko icce guda babu. Wa zai wuce ya ce lakol ce?"

Shi ya faɗa ya manta, ni kuwa maganar ta zauna mini. Icce! Ashe abin da ya rage ke nan? Ni ɗan tela ne, a cikin birni na tashi, ban taɓa riƙe hauya na yini ba, gonar ubana ita ce keken ɗinki. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina ba abin shawara a ciki. Ranar kasuwar Gidan Rumji na je wurin masu renon itatuwa na roƙo ƴaƴan bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, ashirin da ƴan kai a cikin leda. Na ɗoro su a amalanken wani mai hatsi, ina zaune a gefensu ina kare su da rigata kada rana ta taɓa su.

Da safe na jera yara, na auna da taki, na ce kowa ya haƙa rami ya dasa nasa, shi zai riƙa ba shi ruwa. Sai na ga sun tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Wata yarinya, babbarsu, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, Baba ya sani?"

Na ce, "Baba ne mushe ko ni? Inuwa za mu yi masa a gona kyauta, godiya zai yi. Ku haƙa!"

Suka haƙa. Kafin azahar mun kewaye rumfa da dashe, mun yi wa kowanne ƴar garkuwa da ƙaya saboda awaki. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallo, raina fari tas. A ranar har Inna na ce wa ta shirya ganin siminti. Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba, don ina so ta gani da idonta.

Washegari fura ba ta zo ba. Na ce mantuwa ce. Jikokin Baba uku da ke ajina su ma ba su zo ba. Na wuce ta ƙofarsa na yi gaisuwa, ya amsa bai ɗago kai daga igiyarsa ba. Kafin mako ya zagayo tabarmar gaba ta zama fayau, yau a ce wannan zazzaɓi, gobe a ce wancan an aike shi ɗiban kara. Ina buga ƙarfe har hannuna ya yi zafi, sai ƴan tsiraru su fito. In na doshi majalisa a yanke hira. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce mini ci kanka, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma na rasa inda na taka.

Inna ce ta fasa ƙwan. Tana tankaɗe ina zarya, ta ajiye rariya ta ce, "Kai wai da gaske ba ka san abin da ka yi ba, ko ƙeta ce?"

Na ce, "Me na yi, Inna? Sata na yi?"

"Gara sata, ita a kan maida kaya. Wa ya ce maka ana dasa icce ga gonar aro? Gero ka iya shukawa, wake ka iya shukawa, kaka na yi a kwashe a ba mai wuri wurinsa. Amma icce? Icce shaida ne. Wanda duk ya dasa icce cewa ya yi ƙasar tashi ce. Bayan shekara goma ana gardama gaban sarki, ba a tambayar wa ya ara wa wa, sai a ce wa ya dasa wanga. Kai kuma ba guda ba, ka kewaye wurin kamar mai shingen gado! Gari duka cewa ake daga buro, ofishin hukuma, anka aiko ka ka amshe gonar."

Kunya ta kama ni, amma maimakon in yi laushi sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba Inna! Ni gonar zan naɗe in sa a aljihu in kai Maradi? Ƴaƴansu fa za su sha inuwar! Yanzu shekara huɗu ina cin rana da ƙura saboda su, sakayyar ke nan?"

Ta ce, "Yi ta faɗa, ni daddawa ke gabana. Ka tai ka durƙusa ma dattijo tun abin bai yi tsamari ba."

Na ce ba inda za ni, ai ban yi da mugun nufi ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Kwana biyu tsakani mai gari ya kira ni zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyayena har sau biyu, sannan ya sauke saƙon. Baba ya ce ba zai taɓa dashen ba, don ba ya ja da hukuma, amma ranar da ruwan shuka ya sauka mu tuge dirkokinmu mu tafi da su gaba ɗaya, ba sauran aro. Na ce to, ai ba gonarsa kaɗai ce a garin ba.

Ashe ita kaɗai ce. Na bi gida gida duk wanda ke da fili kusa da gari. Kowa ya shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a saurare ni da kyau, sannan a ce sai an yi shawara da ƴan'uwa. Wani ɗan'uwan yana Tibiri, wani yana ci-rani, wani ban ma yarda an haife shi ba. Har suna aka sa mini, mushe mai dashe, yara ƙanana na faɗa a bayana. Na daina iya zama wuri guda. In na fara rubutu a allo sai in tsinci kaina a bakin rumfa ina leƙen hanya. Abinci ya daina shiga. Dashen kuwa, abin haushi, sai tohuwa yake yana sheƙi, don ƴan yaran da suka rage ba su fasa ba shi ruwa ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa ansipekta zai dawo bayan mako biyu. Na ƙirga yaran da ke gabana, ban ji daɗin ƙirgar ba. Ran Asabar na ce bari in je in ga wannan lakol ta ƙetaren fadama da ƙafata, wataƙila ma ba ta kai nisan da ake faɗa ba. Na fita da hantsi. Rairayi na cinye ƙafa, ga ƙaya, ga kwarin da aka ce da ruwa ya sauka har jaki yake ci. Ni da nake namiji mai ƙarfi, sai da rana ta take tsaka na hango tutarsu. Na zauna a gindin wata adduwa ina haki, na riƙa tuno ƙananan ajina ɗaya ɗaya, waɗanda wandonsu ma sai an ɗaure musu. Na san ba ɗaya da zai yi wannan tafiya kullum, kuma ƴan matan ko sau ɗaya ba za a bar su ba. Wato in aka rufe tamu, karatu ya ƙare a garin, kuma ni na kashe shi da taurin kaina. Ban ma ƙarasa cikin garin ba, na juyo.

Litinin da safe na ari manyan kwanonin Inna biyu da ƴar hauya. Na ce wa yara su zauna, kada wanda ya tashi. Na bi dashen ɗaya ɗaya ina tonowa da ƙasarsa, ina jerawa a kwano. Wasu yaran suka fara kuka, kowa na kallon nasa. Ban hana su ba. Na cike ramukan na daddale da ƙafa. Sannan na yi gammo da rawanin wuyana, na ɗora kwano guda a ka, na rungumi ɗayan, na ratsa tsakiyar gari. Mata a bakin rijiya suka saki guga suna kallo. Mushe guda da kwano a ka! Na ji wata ta ƙyalƙyale, wata ta kwaɓe ta. Ƙasa na zubo mini a wuya, ban tsaya ba sai ƙofar Baba.

Na sauke, na cire takalmi, na durƙusa. Na ce, "Baba, ga abin da na dasa a gonarka ba da izininka ba. Ba wanda ya aiko ni, ba buro ba, ba kowa ba. Rashin sani ne da rawar kai irin tawa. Ka yafe mini, kada ka hukunta yara da laifina."

Ya daɗe yana kallon kwanonin. Sannan ya ajiye igiya ya ce, "Tashi zauna, ɗana. Kai ka ɗauka rowar ƙasa nika yi?"

Abin da na ɗauka ke nan kuwa.

Ya ce, "Gonar nan ba tawa ba ce. Ta ƙanena ce, Allah shi jiƙan shi. Ɗa guda ya bari. Yaron ya bi masu shanu Kurmi, yau shekara goma sha biyu, tun ana samun saƙo har anka daina. Ni riƙo nika yi. Ina nomanta don kar ta mutu, hatsin kuwa rumbun uwarsa shika shiga, ko zangarniya ban taɓa kaiwa bakina ba. Na ara maku don kara ba shi kafa saiwa. To in yaron ga ya dawo ya iske itatuwa sun kewaye gonar ubansa, mi zan ce mashi? In ce ban sayar ba? Wa zai yarda?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk garin sun san wannan, har yarinyar da ta ɗaga hannu ta sani, ni kaɗai ne na shekara huɗu a kan gonar ban taɓa tambayar ta wa ce ba. Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce ya gane, in tafi in yayyafa wa dashen ruwa in ajiye a inuwa, gobe bayan hantsi in zo.

Da na zo na tarar da mai gari da liman da babban ɗan Baba, wanda fuskarsa take a murtuke. Baba ya ɗauki sandarsa muka bi shi zuwa bayan gidansa. Can yake da gonarsa ta kansa, wadda duk takin gida a cikinta ake zubawa, geronta ne ke fara nuna a garin. Ya taka ta daga kan wata magarya zuwa bakin hanya, ya karya ya dawo, yana caka sanda a kowace kusurwa. Ya yanki abin da ya fi rabi. Ɗansa ya ce, "Baba, mu fa? Mi za mu ci?" Ya ce masa jigawar arewa tana nan. Ɗan ya ce jigawar da ko ƙaya ba ta so. Baba ya juya ga liman da mai gari ya ce, "Ku shaida. Wagga tawa ce, gadon ubana. Na ba lakol, kyauta, ba aro ba." Sannan ya dube ni ya ce, "Nan ka dasa abin da ka ga dama."

Ba murna ce kaɗai ta kama ni ba, har da nauyi, don na ga idon ɗansa, kuma na san daga cikin tuwon gidan aka yanko filin nan.

A makon aka yi gayya aka ɗauke rumfa aka maido ta sabon wuri. Yara suka dawo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ansipekta ya zo ya ƙirga, ya karɓi takardar shaida da mai gari ya sa wa hannu, ya tafi bai san komai ba. Dashen rabi ya mutu saboda wahalar da ya sha, rabi ya kama. A shekarar, karo na farko, ruwan shuka ya sauka ban tuge dirka ko ɗaya ba. Amma ina tsaye a bakin aji nake ganin ƴaƴan Baba suna wucewa da hauya zuwa jigawar arewa, tafiya mai nisa, kuma da kaka na ga rumbunsu bai kai wuya ba. Babban ɗan bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba har na bar garin, kuma ban ga laifinsa ba. Furar safe kuwa ta ci gaba da zuwa, ina sha tana tsaya mini a ƙirji.

Bayan shekara biyu aka canza mini wurin aiki. Simintin da na yi ta haƙilo a kai sai bayan tafiyata ya zo, ban taɓa riƙe alli a cikinsa ba. Yanzu an ce aji uku ne da malamai har da mata, bedin sun yi girman da ake taron iyaye a gindinsu.

Ranar da zan tafi na je sallama. Na ce, "Baba, ka yi mini abin da ba zan iya biya ba. Ko akwai abin da zan aiko maka daga birni?" Ina tsammanin zai ce magani ko tabarau. Sai ya ce, "Kai kana kusa da tasha. In ka ga masu zuwa Kurmi ka tambaya mini yaron nan." Ya faɗa mini sunansa da na ubansa, ya ce yana da wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ya ce, "In an gan shi a ce mashi gonarsa na nan yadda ya bar ta."

Na ce insha Allahu. Na tambayi direbobi, na tambayi ƴan kamasho, na tambayi masu shanu da masu albasa. Duk wanda na ji ya dawo daga kudu sai na tare shi. Baba ya rasu shekarun baya, labari ya iske ni bayan an yi bakwai, kuma har ya koma ga Allah ban aika masa da amsa ba. Na yi ritaya, gashina ya yi fari, amma ƙafata ba ta bar tashar nan ba. Ko a makon jiya na je. Wani direba ya saurare ni har na kai kan tabon hannu, sannan ya ce, "Baba, ai ka tambaye ni bara."

Na ce, "Na sani. Ka dai ƙara dubawa."